Wushiryar Saude

Kwanan baya wani saurayi ya shigo mini ɗakin aiki a nan Tanut, ya rufe baki da hannu kamar wanda ya yi kiciɓis da surukarsa. Da ya buɗe sai na ga waya ta zagaye haƙoransa na sama, da 'yan ƙarafa ja da shuɗi. Wajen mai sayar da kayan salula ya saye ta, ya manna da gam ɗin takalmi, don ya ga samarin birni suna murmushi da ita a hoto. Dasashinsa ya kumbura, haƙori ɗaya har ya fara lilo. Tun hantsi nake kankara sai da aka kira azahar. Ku da kuke zaune a bencin ƙofata kuna dafa shayi kuka yi ta dariya, har ɗayanku ya ce, "Baba Habu, ai aikin naka ke nan, waya da gam. Mu ma a ba mu awartaki mun iya." To, ku gyara zama. Shayin ma ku ƙara masa ruwa, don maganar da ɗan tsawo.

Da farko dai ni ba likita ba ne, ko da yake na gaji da faɗa, rabin mutanen ƙasar Damargu likita suke ce mini. Likita tana Damagaram, mace ce, takan zo mana jefi-jefi ta duba bakuna ta ce ga abin da za a yi. Ni ne mai ƙera abin da ta ce, in saka, in bi shi da ido har ta dawo. Ɗan maƙera ne ni daga Tarka. Ubana gatari da hauya yake yi, ni kuma Allah ya kai ni ga ƙarfen da bai kai tsinken tsintsiya kauri ba.

Wanda ya koya mini aikin sunansa Malam Isufu, wani tsoho mai gajeren haƙuri da dogon ido, a wani ɗan ɗaki bayan kasuwar Damagaram. Ranar da na fara, ya miƙo mini awartaki da guntun waya, ya zana kwana-kwana a takarda ya ce in lanƙwasa ta bi zanen. Na ce a raina, ni da na tashi a bakin zuga-zugi, wannan ai wasan yara ne. Na gama na miƙa masa ina jin kaina. Bai ko kalli zanen ba. Ya ɗora wayar a kan wani fasasshen gilashin mota da yake ajiye don haka, ya taɓa gefenta da yatsa, sai ta yi rawa. Ya ce, "In ta yi rawa a kan gilashi, za ta yi rawa a bakin ɗan mutane." Ya jefa ta kwandon shara. Damina ta zo ta wuce ina lanƙwasa waya yana jefarwa, ban taɓa bakin kowa ba. Har yau ina da kanta a babban yatsana na dama, ku matso ku taɓa in kuna so. Ranar da wayata ta kwanta lamo a kan gilashin, bai ce madalla ba. Cewa ya yi in je in sayo masa goro.

Aiki na biyu shi ne ɗaukar sawun baki. Akwai wani gari da ake kwaɓawa da ruwa, a zuba a cokali mai siffar baki, mutum ya ciza, ya daskare kamar roba. Sai a zuba wa sawun falatir, wani farin gari mai kama da alli, in ya bushe ka sami bakin mutum sak a hannunka, ka juya shi yadda kake so ba tare da ya cije ka ba. A littafin Faransanci an rubuta yadda ake kwaɓa garin, amma wanda ya rubuta bai san bazarar Tanut ba. A nan in ka kwaɓa da ruwan jarka, kafin ka kai cokalin bakin yaro ya riga ya sandare. Sai da ruwan randa, wanda ya kwana, kuma da sassafe. Kakin da muke aiki da shi ma a cikin randar nake ɓoye shi, in ba haka ba ka iske shi ya narke ya bi tebur. Waɗannan fararen bakunan da kuke gani jere a kan kanta, kuna cewa ɗakina ya yi kama da na boka, sawun mutane ne. Kowane yaro uku nake yi masa: na ranar da ya zo, na tsakiyar aiki, da na ranar sallama.

Masu zuwa kuwa iri-iri ne. Akwai alhazan da haƙorin Makka kawai suke so, in ce musu ba layina ba ne su tafi suna ƙunƙuni. Akwai tsofaffin da nake haɗa wa haƙoran roba, su ne abincina na yau da kullum. Akwai iyayen da suke kawo yaro haƙora sun hau juna, su ce a daidaita kafin salla, kamar ɗinki suka kawo wa tela. Haƙori ba a ja shi da ƙarfi. Lallashinsa ake yi, a ɗan tura shi a ƙyale, ƙashi ya saki ta gaba ya cike ta baya, a sake ɗan turawa. In ka matsa masa ya mutu a tsaye. Akwai kuma masu cewa wannan canza halittar Allah ne. Wani dattijo daga Falanko sai da ya je ya tambayi limaminsu, liman ya ce masa gyaran abin da ya hana yaro tauna daban, neman ado daban, sannan ya dawo da jikansa. Ban taɓa jayayya da irinsu ba, nakan ce su je su tambaya.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda aka rufe iyaka, kuma ruwan sama ya ɗauke gero yana cikin bununi. Kayan aikinmu ta Kano suke biyowa, sai suka yanke ƙaf. Garin ɗaukar sawu ya ƙare, na koma ɗauka da kaki, abin da Malam Isufu zai tsine mini a kai da yana raye. Mutane suka watse ci-rani, wasu Agadas, wasu gaba da nan, da 'ya'yansu da wayoyina a baki. Akwai wanda ya dawo bayan shekara ya ce wani maƙeri ne a can arewa ya cire wa ɗansa, da awartakin cire ƙusa. A shekarar nan na gyara gilashin ido, na liƙe eriyar rediyo, na yi wa mata ɗaurin 'yan kunne, duk don kada tukunya ta kwana a kife. Da abubuwa suka fara lafawa, garin sawu ya fara shigowa kaɗan-kaɗan, amma wani abu guda bai dawo ba. Bis muke ce masa, ɗan ƙarfe mai juyawa da ake buɗa ganɗa da shi. Ƙwaya ɗaya ta rage mini a gwangwanin madara, ina ririta ta.

A lokacin ne aka kawo mini Saude.

Daga wani ƙauye suke can bayan Balbeji. Kawunta Lawali ya goyo su a babur ranar kasuwa, ita da kakarta ta wajen uwa, Iya Tabawa, wata doguwar tsohuwa marar yawan magana. Uwar Saude ta rasu, ubanta yana ci-rani, Iya ce ke riƙonta. Yarinyar ba ta wuce shekara tara zuwa goma ba. Tun daga ƙofa na ga abin da ya kawo su: haɓarta ta karkace zuwa hagu, kamar mai shirin yin gatsine.

Iya ta ce, "Likita, iska ce ta buge ta. Mun yi rubutu, mun yi turare, baki dai sai ƙara gocewa yake."

Na ce, "Iya, bari mu gani tukuna." Na sa yarinyar ta buɗe baki ta rufe a hankali. Tana buɗe, haɓar tana tsakiya daidai. Sai haƙora sun zo haɗuwa muƙamuƙin ƙasa yake zamewa gefe. Na ce wa Iya ba iska ba ce. Haƙoran sama murfi ne, na ƙasa tukunya, kuma murfi ya kamata ya ɗan fi bakin tukunya faɗi. Na Saude murfin ya yi ƙanƙanta, shi ya sa take kautar da muƙamuƙi don ta sami inda za ta tauna. Yau kautarwa ce kawai. Amma ƙashi yana girma ne ta inda aka saba masa, in aka bar ta ta balaga a haka fuskar za ta kafe a karkace, kuma daga nan sai fiɗa, fiɗar da ba a yi a kusa da mu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Da likita ta zo ta duba, ta ce a buɗa ganɗa. Ganɗar yaro, wato rufin bakinsa, ba ƙashi ɗaya ba ce, ɓari biyu ce da aka haɗa a tsakiya kamar ƙwaryar da aka ɗinke, kuma kafin ya balaga ɗinkin bai kafe ba. Sai a sa wa turamen sama, wato manyan haƙoran tauna, zobba, a haɗa su da bis a tsakiya, a liƙe. Kowace safiya a zura ɗan mabuɗi a juya sau ɗaya, ɓarin biyu su riƙa rabuwa kaɗan-kaɗan, sabon ƙashi ya cike tsakani. Na ɗauko bis ɗina na ƙarshe na ƙera. Na gaya wa Lawali a gaban uwarsa cewa ba ni da wani, in wannan ya lalace sai dai haƙuri.

Wa zai riƙe mabuɗi? Lawali ɗan kabu-kabu ne, ba ya zama. Iya ta ce ita za ta yi. Na yi shakkar idonta, sai ta zaro allura daga gefen kallabi ta zura zare a gabana ba ta ko ƙifta ba. Na koya mata, ta gwada, hannunta ya fi na wasu 'yan lakwal, wato 'yan boko, da na sani natsuwa. Na ɗaura wa mabuɗin dogon zare don kada ya faɗa maƙogwaro, na faɗa musu ranar kasuwar da za su dawo. Na kuma gargaɗe su da abu ɗaya, kamar yadda nake wa kowa: haƙoran gaba biyu za su rabu, wushirya za ta fito. Kada su tsorata, alamar aiki na ci ke nan. Kuma kada su saba da ita, baƙuwa ce, da kanta za ta rufe.

Suka dawo a ranar da na ce. Aiki ya yi kyau, har na ji daɗi. Murfi ya hau tukunya, yarinya ta rufe baki haɓa ta zauna a tsakiya. Ga wushirya kuwa ta fito fes, har ana hango harshe. Na ɗauki sawu na biyu don in nuna wa likita. Ina cikin wanke cokali na ji Iya tana cewa, "Ke, yi dariya in gani." Saude ta yi. Ta ce, "Ƙara." Ta ƙara. Sai tsohuwar ta juya ta fuskanci bango tana gyara mayafin da bai goce ba.

Na ce, "Iya, an gama juyi. Daga yau ƙarfen zai zauna ne kawai ya riƙe, har ƙashi ya yi ƙwari. Kawo mabuɗin."

Ta laluba nan, ta laluba can. Ta ce, "Ɗan nan, na baro shi gida."

Wannan ba sabon abu ba ne, mutane suna mantuwa. Na ɗauki siririyar waya na ɗaure bis ɗin tam yadda ba zai juyu ba, na ce in za su dawo su taho da shi. Suka tafi.

Sai damina ta sauka, irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Ƙorama ta yanke hanyarsu, kowa kuma yana gona. Na aika saƙo ta bakin masu zuwa kasuwar Balbeji, aka ce mini lafiya lau suke. Ban damu sosai ba, don ƙarfen da aka ɗaure ba ya buƙatar kowa.

Ana gab da fara yankan gero sai ga Lawali da su a ƙofata, ba ma ranar kasuwa ba. Saude ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Lawali ya ce ta daina cin tuwo, gyaɗa ma ɗanya da yara ke wawa a kai ba ta taɓawa, daga kunu sai fura. Na zaunar da ita na ce ta buɗe.

Wayar da na ɗaure babu ita. Bis ya buɗe har ya kusa ƙarewa. Turamen sama sun baje waje, sun wuce na ƙasa gaba ɗaya, in ta rufe baki sai su zame ta gefensu kamar almakashi, ba abin da ke haɗuwa da wani. Cikin kumatunta duk tabon cizo. Dasashin wajen turamen ya ja baya ya yi ja wur, saura kaɗan saiwa ta leƙo. Wushiryar kuwa tana nan, amma 'yar siririya, ba kamar ranar da na ɗauki sawu ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na ce, "Wa ya kwance wayar nan?"

Lawali ya ce, "Wace waya?" Da gani bai san komai ba.

Iya tana zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, tana kallon yatsunta. Ta ce, "Ni ce. Da hantsakin cire ƙaya."

"Kika ci gaba da juyawa?"

"Ba kullum ba. Sai in na ga tana rufewa."

"Iya, ban gaya miki baƙuwa ce ba? Ban gaya miki za ta rufe ba?"

Ta ce, "Ka gaya mini."

Na fita waje don kada in faɗa wa sa'ar uwata abin da zan yi nadama. Na san mata da son wushirya, akwai ma waɗanda suka taɓa zuwa su ce in buɗa musu, na kore su. Na ɗauka wannan ma haka ne, tsohuwa tana yi wa jika tanadin samari tun yanzu. Lawali ya biyo ni ƙarƙashin bishiyar bedin nan da kuke zaune. Ya daɗe yana wasa da makullin babur kafin ya yi magana.

Ya ce, "Malam, uwar yarinyar nan yayata ce, ita ce 'yar farin Iya. Ka san al'adarmu. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai 'ke' ko 'waccan'. Ba ta taɓa ɗaukarta gaban mutane ba, ba ta taɓa zama ta kalle ta ido cikin ido ba. Kakarmu ce ta raine ta. Ranar da yayar tawa ta rasu wajen haihuwa, mata na kuka, Iya na tuƙa wa baƙi tuwo. To, yayata wushirya gare ta, duk garinmu da ita aka san ta. Kuma ko hoto ɗaya ba mu da shi." Sannan ya ce, "Tun da kuka buɗa bakin yarinyar nan, kullum da safe sai Iya ta zaunar da ita ta ce ta yi dariya. Ni na zaci wasan kaka da jika ne."

Na kira likita a salula na faɗa mata abin da na gani. Ta ce a cire ƙarfen yau ɗin nan, a bar turamen su dawo da kansu, in sun zo daidai a yi mata faranti na roba mai cirewa wanda zai riƙe su a wurin. Ta ce in an yi sa'a dasashin zai warke. Amma farantin sai an sa shi dare da rana, wata da watanni, kuma in aka yi sakaci ganɗar za ta koma ƙanƙanta yadda take, haɓa ta sake gocewa. Bis na biyu kuwa babu, ita ma ba ta da shi.

Kun ga inda gizo yake saƙa. Ƙarfen da aka liƙe ba ya neman yardar kowa, amma faranti mai cirewa yana hannun wanda ke kwana ɗaki ɗaya da yaro. Ni ina Tanut, likita tana Damagaram, Lawali yana kan hanya. Fuskar Saude tana hannun Iya, kuma farantin da zai daidaita fuskar shi ne zai bar wushiryar ta rufe ruf.

Na koma ciki na cire ƙarfen. Saude ba ta yi kuka ba, yarinya ce mai dauriya. Na ba ta ruwan gishiri ta kuskure, na ce ta je wajen kawunta. Na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna gaban tsohuwar. Ban yi mata zancen 'yarta ba, ba hurumina ba ne, kuma da na yi da ta tashi ta bar ɗakin. Na sauko da sawun Saude guda biyu daga kanta. Na ɗauki na farko na haɗa sama da ƙasa, na nuna mata yadda yake zamewa gefe.

Na ce, "Iya, wannan shi ne bakin da kika kawo mini. In ba a sa faranti ba, nan za mu koma, kuma ba ni da abin sake buɗawa. Za ta girma da karkatacciyar fuska, tana tauna da gefe ɗaya har tsufanta. In an sa, za ta ci tuwo da kowane gefe. Amma wushirya za ta tafi, ko an sa ko ba a sa ba. Ba tata ba ce. Ko kin juya har ƙarfen ya ƙare ba za ta zauna ba, sai dai haƙoran su zube."

Ba na farkon take kallo ba. Idonta yana kan na biyu, wanda na ɗauka ranar da wushiryar ta fi faɗi. Ta miƙo hannu na ba ta. Ta juya shi ya fuskance ta, ta riƙe shi a tafin hannu biyu. Ta daɗe a haka. Sannan ta sa farcen ɗan yatsanta a tsakanin haƙoran gaban, a hankali, kamar mai tsoron kada ta tashi mai barci.

Ta ce, "Ɗan nan, shi wannan yana rufewa?"

Na ce, "A'a, Iya. Wannan yadda yake haka zai zauna, sai dai in ya faɗi ya fashe."

Ta ajiye shi a cinyarta. Ta jawo carbinta daga wuya, ashe mabuɗin yana ɗaure a jikinsa da zaren nan da na sa masa, duk ya yi baƙi don shafa. Ta kasa kwance ƙullin, ta sa haƙori ta tsinke zaren, ta ajiye mini mabuɗin a kan tabarma.

Ta ce, "Ka yi mata farantin. Ni zan sa mata."

Ban ce ta ba ni sawun ba, ita ma ba ta ce in ba ta ba. Ta kwance gefen mayafinta ta naɗe shi, ta ƙulle, ta sa a cikin ƙwaryar da ta zo da fura. Da za su hau babur Lawali ya miƙa hannu zai karɓi ƙwaryar ya rataya, ta ce masa ya kula da tuƙinsa.

Farantin nan ba a taɓa fashin sa shi ba. Na sani, don faranti ba ya ƙarya, in an ajiye shi kwana biyu ba ya shiga. Duk zuwan da suka yi yana zama daram. Dasashi ya warke, turame suka dawo suka hau na ƙasa, haƙoran gaba suka matso suka haɗe kamar ba su taɓa rabuwa ba. Iya ba ta sake ce wa Saude ta yi dariya a gabana ba. Saude yanzu budurwa ce, kun ma san ta, ita ce mai kawo ƙuli-ƙuli tasha ranar kasuwa, wadda kuke rububin saye kuna cewa na kakarta ya fi na kowa. In ta zo ku dubi haɓarta, ku gaya mini ta wane gefe ta karkata.

Saboda haka wanda ya ce a ba shi awartaki, ga shi nan a kan tebur, ga waya, ga gilashin Malam Isufu da na gada. Ya fara lanƙwasawa, in ta daina rawa sai mu yi maganar bakin mutane. In kuma na sa ku share kanta, za ku ga kowane yaro da sawu uku, na Saude biyu ne, akwai wuri a tsakaninsu. Ku share ƙurar wurin, amma kada ku matsar da su. Na tsakiyar yana can bayan Balbeji. Lawali ya ce mini a cikin kwallar da take ajiye likkafaninta yake, kuma da safe in ta idar da salla takan ɗauko shi. Ya ce wata rana yana wucewa ta bakin ɗakin ya ji ta kira sunan yayarsa, karo na farko a rayuwarsa da ya ji sunan a bakinta.